Tuwon Dare a Tudun Wada

Abin da na kawo muku yau labarin wani yini ne da na yi a Kaduna tare da abokaina biyu, daga ƙarfe biyu na rana zuwa bayan tara na dare. Na nemi izininsu kafin in faɗa, suka ce in faɗa, amma kada in ambaci suna. Saboda haka zan kira su yadda muke kiran juna. Ɗaya Alhaji ne. Ɗayan kuwa dattijo ne a ikkilisiyarsu, Dattijo muke ce masa. Ni kuma Malam suke ce mini, ko da yake sun san ni tun ban iya ƙulla zare ba.

Mu uku a Kakuri muka haɗu muna samari, a ɗaya daga cikin masaƙun da suke can. Yaran yanzu ba su san Kakuri ta wancan lokaci ba. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe babbar masaƙa ta farko a wurin, wasu kuma suka biyo baya, har Kaduna ta zama garin yadi da atamfa. Ana kawo auduga daga su Funtuwa da Gusau, ta shiga ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan ta zama tufa. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, sai ka ga kekuna sun cika hanya kamar fari. Bahaushe ne, Bajju ne, Tibi ne, Banufe ne, Bayarabe ne, kowa da ƙurar auduga a gashin kansa. Cikin ɗakin saƙa kuwa ƙarar injuna ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, don haka da hannu muke magana. In mutum ya haɗa yatsunsa ya kai baki sau biyu, ya nuna ƙofa da haɓa, ma'anarsa lokacin abinci ya yi, taso mu tafi. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Ni na bar aiki da wuri na koma gida wajen Kafanchan. Su biyu suka ci gaba, suna kuwa zaune a layi ɗaya a Tudun Wada, katanga ce kawai tsakaninsu. Matansu suna adashi tare. In Sallah ta zo nama ya haura katanga, in Kirsimati ta zo shinkafa ta haura.

Sai ran Litinin, 21 ga Fabrairu 2000. Ba sai na faɗa wa mutumin Kaduna abin da ya faru ba. Wanda bai sani ba, ya isa ya ji cewa gari ya kama wuta, an kashe mutane da yawa, Kirista da Musulmi, aka sake yi a watan Mayu na shekarar, aka kuma sake a Nuwamba 2002. Daga nan ne mutane suka yi ta kwashe kaya. Kirista da yawa suka haye kogi suka yi kudu, wajen su Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi. Musulmi da yawa da suke kudu suka yi arewa, wajen su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Har masu ba'a suka sa wa wannan gefe Makka, wancan kuma Urushalima. Kogin da dā wurin wanki ne da kamun kifi ya zama iyaka.

A wancan tashin hankali Alhaji ya ɓoye Dattijo da matarsa da 'ya'yansu huɗu a ɗakin matarsa kwana biyu. A rana ta uku, da asuba, ya sa wa Dattijo babbar riga da hula, Hajiya ta yafa wa matar mayafi, ya kai su barikin soja. A bakin ƙofar bariki suka rabu. Ku tuna wayar hannu ba ta yaɗu a ƙasar nan ba sai daga 2001. Masaƙu kuma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wurin da zai haɗa su kowace safiya ya tafi. To, tun daga ƙofar barikin nan ba su sake ganin juna ba har shekara 23, suna kuwa shan ruwan gari ɗaya.

A watan Nuwamba 2023 wata hidima ta kai ni Kaduna. Na bi ta Kachia na sauka wurin Dattijo a Sabon Tasha. A aljihuna akwai lambar wayar Alhaji, wadda wani tsohon abokin aikinmu ya ba ni a wurin wata jana'iza. In faɗi gaskiya, wata takwas lambar nan ta yi a aljihuna ban buga ba, don kada ku ɗauka ni ne na kirki cikin labarin. Da dare na nuna wa Dattijo. Ya dubi takardar ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Malam, da wace fuska?" Ban tsaya amsa masa ba, na buga. Alhaji ya ɗauka, na faɗi sunana, ya yi salati, ya ce, "Kana raye?" Na ce ina raye, ga ma wani kusa da ni. Aka yi shiru a waya. Can ya ce, "Gobe bayan azahar. Ina za mu haɗu?"

Wannan tambaya ita ce ta fara nuna mini yadda gari ya zama. A dā ba a tambayar inda za a haɗu, gida ake zuwa. Yanzu kuwa sai da muka yi ta lissafi kamar masu shirya sulhu tsakanin sarakuna biyu. Daga bisani muka tsaya a kan Gamji Gate, lambun nan na bakin kogi wajen Kabala, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina.

Muka hau mota daga Sabon Tasha, muka canza a Television, muka haye gada kusa da filin wasa na Ahmadu Bello. Ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, ga masu wanki sun shanya kaya. Ana cewa daga kadduna garin ya sami sunansa, amma ni duk zamana a Kaduna ban taɓa ganin kada a gindin gadar nan ba. Dattijo bai ko dubi kogi ba. Ya ce mini yakan haye gada sau biyu ko uku a wata, ya je banki ko Babbar Kasuwa, amma bai taɓa barin ƙarfe biyar ta same shi a hayi ba.

Mun tarar da Alhaji ya riga mu. Gemu ya yi fari fat, ga tabarau, ga sanda. Na zaci za su rungume juna su yi kuka, yadda ake yi a wasan kwaikwayo. Ina! Hannu suka ba juna, suka shiga gaisuwa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, yaya muka ji da tsadar mai. Da gaisuwa ta ƙare suka sake ɗauko ta daga farko. Da Alhaji ya ce, "Yaya Maman yara?" Dattijo ya ce, "Ai ta riga mu, tun 2014." Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Ban ji ba." Shi ke nan, magana ta tsaya.

Ni ne na ga shirun ya yi yawa na ja su wajen 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga. Masu sauraro, in kun je ku dube ta. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin da can ne hedkwatar Turawa ta Arewa. Aka mai da hedkwata Kaduna a 1917, daga baya aka kwance gadar aka kawo ta nan aka sake ɗaurawa. 'Yar ƙarama ce, taku kaɗan ka haye. Alhaji ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sandarsa ya ce, "Wannan ma baƙuwa ce irinmu." Gaskiyarsa kuwa, gama in ka ɗebe Gbagyi da aka tarar a wurin, kowa a Kaduna zuwa ya yi, jirgin ƙasa ko aikin gwamnati ko soja ko masaƙa ya kawo shi ko ya kawo ubansa. Dattijo ya yi murmushi, karo na farko ke nan.

Muka sami inuwa muka zauna, na sayo rake da dafaffiyar gyaɗa. Abin da ya buɗe bakinsu shi ne zancen masaƙa. Wane yana nan? Ya rasu. Wane fa? Ya koma Gboko yana noman doya. Wancan shugaban aiki mai tumbi da yake barci a kan buhunan auduga? Suka kwashe da dariya har Alhaji yana tari. Suka tuna ranar da na ƙulla zare ba daidai ba aka ɓata yadi, suka rufa mini asiri. Suka yi gardama a kan kuɗin kwanon shinkafa a bakin ƙofar masaƙa, kowa ya rantse nasa ne daidai. Da la'asar ta yi Alhaji ya tashi zai yi salla. Bai ce kome ba, ya miƙa wa Dattijo sandarsa da wayarsa da makullin mota, Dattijo kuwa ya karɓa ya ɗora a cinya bai ko duba ba. Haka suke yi shekara talatin da suka wuce. Hannu ya tuna abin da baki ya kasa faɗa.

Bayan haka Alhaji ya ce mu shiga motarsa ya zaga da mu. Tsohuwar Peugeot ce, irin waɗanda aka harhaɗa a nan Kakuri, ƙofar baya sai an buɗe ta daga waje. Muka bi ta gaban Lugard Hall, muka wuce Dandalin Murtala da aka gyara aka buɗe a 2022, muka gangaro Ahmadu Bello Way. Sababbin tituna, sababbin fitilu, wuraren da muka sani da yawa an rushe. Su biyu suna ta nuna wa juna: nan ne kantin da muka sayi rediyo, nan ne muka tsaya kallon fareti. Muka tsaya wurin wani mai tsire, Dattijo ya riga kowa zaro kuɗi, Alhaji ya riƙe masa hannu, suka yi ta ja har mai tsire ya ce in sun gama su faɗa masa.

A nan ne na lura da wani abu da nake so ku yi tunani a kansa. Da rana, tsakiyar Kaduna ta kowa ce. A Babbar Kasuwa mai hijabi tana taya atamfa wurin Inyamuri, mai sarƙar gicciye tana sayen tumatir wurin Bakano, ana ciniki ana ba'a, ba mai tambayar wani inda yake kwana. In baƙo ya zo ya ga wannan sai ya ce ai garin nan lafiya lau. Amma ka tsaya a wurin wajen ƙarfe biyar da rabi. Za ka ga gari yana rarrabuwa kamar an zuba mai a ruwa. 'Yan kamasho suna kira, Sabo, Sabo, Television, Barnawa, jama'a suna ɗunguma kudu. Can kuma ana kira Kawo, Rigasa, Tudun Wada. Ba mai faɗa da wani, ba mai harara. Kowa dai yana duban rana yana duban agogo. Abokantakar rana ba ta da tsada, 'yan'uwa, gama kasuwa ce take biyan kuɗinta. Ta dare ce take neman mutum ya shiga gidan wani, ya cire takalmi, ya zauna inda in wani abu ya tashi ba shi da mafita sai mai gidan.

Muna cikin cin tsire Dattijo ya dubi agogo. Na gan shi, Alhaji ma ya gan shi. Ya ce, "To, Alhaji, mun gode ƙwarai. Sai mu kama hanya kafin mota ta yi wuya." Alhaji ya ce, "Hajiya ta tuƙa tuwo. Tun safe take shiri." Dattijo ya ce wata rana. Alhaji ya ce shekara 23 ke nan ana wata rana. Wata babbar mota ta zo wucewa tana ƙara, ba mai jin wani. Sai na ga Alhaji ya haɗa yatsunsa ya kai baki sau biyu, ya nuna mota da haɓa.

Dattijo ya tsaya kamar an dasa shi. Sa'an nan ya zaga ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

Kada in ruɗe ku, ni ma gabana ya faɗi. Tsoro ba ya tambaya ko akwai dalili. Muka bi ta wajen Kasuwar Barci ana kiran magariba, hayaƙin masu suya ya gauraye da ƙurar hunturu, yara suna gudu zuwa masallaci, masu shayi suna jera burodi. Ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube mu. Da muka shiga layin, Dattijo ya ga ɗakin da ya zauna shekara goma sha ɗaya ya zama shagon cajin waya. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layi ta ƙura masa ido, ta ajiye matsami, ta kira shi da sunan 'yarsa ta fari, ta ce, "Baban wance, kai ne? Ina ka shiga?" Ta ƙunsa masa ƙosai ta ƙi karɓar kuɗi.

Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Alhaji ya dawo daga masallaci, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Dattijo ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, Alhaji ya yi bisimilla, muka sa hannu a kwano ɗaya. Sai da aka ci rabi Dattijo ya tsame hannu ya ce, "Alhaji, ban taɓa yi maka godiya ba." Ya ce da farko tsoro ne ya hana shi zuwa. Da tsoro ya ragu sai ya ce bari ya sami abin da zai riƙo a hannu, gama ba a zuwa wurin wanda ya ceci ranka da na 'ya'yanka hannu biyu. Aiki kuwa ya ƙare, abin hannu bai samu ba. Da shekara biyar ta wuce sai kunya ta gaje wurin tsoro, kowace shekara kuma kunyar tana ƙara nauyi.

Yawancinku kun san labarin kutaren nan goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Mun saba mu ɗora wa taran nan laifin butulci. Tun daren nan na fara tunanin watakila cikinsu akwai wanda ya yi niyyar komowa gobe, in ya yi wanka ya sami riga mai kyau.

Alhaji ya saurara har ya gama. Sa'an nan ya ce shi ba godiya yake jira ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ya ɗauka Dattijo ya haɗa shi da waɗanda suka ƙone masa kaya, ya sa su a kwando ɗaya. Ya kuma ce, "Ka san ƙanena, direban nan? A ranar da kuke ɗakin Hajiya, a ranar aka kashe shi a hayinku. Ba mu ga gawarsa ba." Ya ce labarin ya iske shi tun a daren farko, bai faɗa musu ba don kada su tsorata su fita.

Masu sauraro, ban san tsawon shirun da aka yi ba sai da na ga miya ta daskare. Dattijo ya san yaron, shi ya koya masa hawan keke. Ya gyara zama, ya durƙusa a kan tabarma, dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya ce, "Alhaji, ina yi maka gaisuwa. Allah ya ba ku haƙuri. Yaya muka ji da rashi?" Alhaji ya amsa yadda ake amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki. Na gode." Kamar jiya aka yi mutuwar. Sa'an nan ya ce, "Ni ma ina yi maka gaisuwar Maman yara." Sai a lokacin hawayen da na zata tun a Gamji suka zo, ba su kuwa yi yawa ba.

Hajiya ta fito ta gaishe mu daga bakin ƙofa. Da ta ji labarin rasuwar ƙawarta ta koma ɗaki ta daɗe. Da ta sake fitowa sai ta sa jikokinta biyu suka jawo wani abu lulluɓe da tsohon zane. Keken ɗinki ne, Butterfly, na matar Dattijo. Ta ce ranar da aka fasa ɗakinsu ita ta tura yara suka ɗauko shi ta kan katanga. Ta ce, "Baban yara, in faɗa maka gaskiya, ban ajiye shi kawai ba. Da aikin Alhaji ya tsaya, da shi na yi ta ɗinki muka ci abinci, da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Sau uku ina canza masa bel. Kullum ina cewa in ta zo zan ba ta haƙuri in biya ta haya. Ga shi, amanarku ce."

Dattijo ya shafa kan keken, ya juya shi da hannu, allura ta hau ta sauka ba ƙara. Ya ce ba inda keken nan zai je. Hajiya ta ce ba ta yarda ba, na marayu ne. Suka yi ta ja, irin jan da aka yi wurin mai tsire. Daga ƙarshe Dattijo ya ce to ga yadda za a yi: yana da jika mai shekara tara wadda aka sa wa sunan marigayiyar, Kirsimati kuma saura mako biyar. Hajiya ta ɗinka mata riga a kan keken kakarta, hayar ke nan. Hajiya ta ce ita ba ta ɗinki da ƙiyasi, sai an kawo mata yarinya ta gwada ta.

Tara ta wuce Alhaji ya ce ba za mu hau motar haya ba, shi zai kai mu. Dattijo ya ce dare ya yi, yaya za ka dawo kai kaɗai? Alhaji ya ce ai ya ɗauki babban jikansa. Muka hau gada, fitilun motoci suna ta wucewa, kogi baƙi ƙirin a ƙasa. Alhaji ya ce rabonsa da haye gadar nan da dare tun yana aikin dare a Kakuri. Ya kai mu har ƙofar gida a Sabon Tasha, ya shiga ya sha ruwa, 'ya'yan Dattijo biyu da ya taɓa ɓoyewa suka zo suka durƙusa suka gaishe shi da Baba. Da ya tashi tafiya Dattijo ya raka shi bakin mota, ya buɗe wa jikan ƙofar baya daga waje, ya leƙa ta taga ya ce, "Ka faɗa wa Hajiya ran Asabar, bayan azahar. Atamfa yadi nawa zan sayo?"